Shekara guda ina koyon basun ta intanet

Basun, wanda Turawan Ingila ke kira bassoon, Jamusawa kuma Fagott, abin busa ne na katako da ke riƙe da ƙasan sauti a manyan ƙungiyoyin kiɗan Turai da ake kira okestra. Bututunsa ya kai kimanin mita biyu da rabi, amma an ninke shi biyu domin yatsu su iya kaiwa ga ramuka da maɓallansa, kuma abin da ke haifar da sautinsa ɗan kara ne mai harshe biyu da ake sawa a baki, irin hikimar da ke bakin algaitarmu. Na daɗe ina busa kilarinet, wani abin busa na Turawa, a Jos kafin wani tsohon basun ya shigo hannuna. Na nemi wanda zai koya mini a kusa ban samu ba, shi ya sa na biya kuɗin darasi ta intanet a wajen wata malama da ke busa shi a wata okestra a Jamus, kuma yanzu da na cika shekara guda a hannunta na ga ya dace in faɗi abin da kuɗina ya saya mini.

Tsarin nata ya ƙunshi darasin kai tsaye ta kiran bidiyo sau biyu a wata, da damar aika mata bidiyon atisayena kowane mako ta saurara ta mayar da gyara, sai kuma zama guda a wata inda ɗalibanta duka ke haɗuwa kowa ya busa abin da ya shirya. Lokaci bai ba mu wahala ba, domin agogon Najeriya da na Jamus ɗaya ne daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin kuma sa'a guda kawai suke gaba da mu.

Da na fara, na ɗauka darasin kai tsaye shi ne ainihin abin da na biya, bidiyon mako kuwa gyara ne irin wanda mai awo ke ƙara wa mai saye. Ashe akasin haka ne. Babban yatsan hannun hagu na mai busa basun yana kula da maɓallai tara ko fiye, kuma dukkansu a bayan kayan suke, inda mai kallo daga gaba ba zai gan su ba. Malama ta umarce ni in riƙa ɗaukar bidiyo biyu, ɗaya daga gaba, ɗaya ta bayan kafaɗata. A bidiyon bayan ne ta gano cewa ba na taɓa ƙananan maɓallan da ake ɗan gogawa da babban yatsa a farkon wasu sautuka na tsakiya, abin da ya sa sautin ke fashewa kafin ya daidaita. Ta rage gudun bidiyon, ta nuna mini daƙiƙar da yatsana ya makara, ta ɗauki nata hannun ta aiko mini in kwatanta. Haka ta yi da rufe rabin rami da manuniyar hagu, wanda ɗan kuskure kaɗan a cikinsa ke sauya sautin gaba ɗaya. Ina iya maimaita gyaranta sau goma a rana, kuma ban ga yadda darasin ido da ido na sa'a guda zai ba ni wannan ba.

Darasin kai tsaye yana da nasa cikas, kuma yawancinsa ba daga malama yake ba. Manhajojin kiran bidiyo an gina su ne domin magana, saboda haka idan ka ja sauti mai tsawo sai su ɗauke shi hayaniya su danne, har sai ka shiga saiti ka kashe tace sauti. Ko bayan haka, ƙaramin makirfon waya ba ya ɗaukar kaurin sautukan ƙasa yadda suke, sai da na sayi na waje kafin ta fara jin abin da nake ji. Jinkirin da ke tsakanin nan da can ya hana mu busa tare ko sau ɗaya, alhali da busa tare ne ɗalibi ke koyon daidaita sautinsa da na wani. Sau biyu an ɗauke wuta muna tsakiyar darasi, ta kuma rama mini lokacin ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Inda intanet ta gaza da gaske shi ne kan karan baki, kuma a nan ne ya kamata mai niyyar biyan kuɗi ya tsaya ya yi tunani. Ana yin karan ne da wani nau'in gora mai suna Arundo donax, wanda aka fi sanin na yankin Var a kudancin Faransa, a ninke shi, a ɗaure da wayoyi uku, a naɗe gindinsa da zare. Ba ya daɗewa yake mutuwa, kuma ko sabo ne sai an jiƙa shi, an kankare, an matsa wayoyinsa kafin ya yi daidai da bakin mai shi. Malamin da ke zaune kusa da kai zai karɓi karanka ya gwada da kansa, ya ɗauki wuƙa ya shafe wuri ɗaya, cikin minti biyu magana ta ƙare. Ni kuwa sai in ɗaga karan gaban fitila in kusantar da kyamara, in busa shi shi kaɗai ta ji kukansa, sannan ta yi hasashe. Ta koya mini cewa matsa wayar farko daga gefe da gefe yana buɗe bakin karan, matsa waya ta biyu haka nan kuma yana rufe shi, kuma wannan ilimin ya ceci karare da dama. Duk da haka na lalata fiye da waɗanda na gyara a watannin farko. Wani abin da ita kanta ba ta yi tsammani ba shi ne, kararen da ta aiko mini, waɗanda ta tabbatar suna da laushi a wajenta, sun iso Jos da tauri, domin garin yana kan tudu mai kimanin mita 1,200, kuma kara ba ya kaɗawa a tudu yadda yake yi a ƙasa. Da hunturu ya shigo sai bushewar iska ta ƙara dagula lamarin. Mun ɗauki watanni kafin ta gane irin sassaƙar da za ta riƙa yi mini.

Makamancin wannan ya faru da kayan kansa. Na yi makonni sautukan ƙasa suna ƙin fita, tana gyara mini zaman leɓe da numfashi, ina ƙoƙari ba canji. Daga baya ta sa na raba basun ɗin gaɓa gaɓa, in toshe ramuka in zuƙi iska, sai ga shi fatar wani maɓalli ce ta bushe tana yoyo. Da a gabanta nake, busa ɗaya za ta yi ta gane laifin ba nawa ba ne.

Ɓangaren jagoranci kuwa ya fi ƙarfin abin da na zata. Lokacin da na fara sha'awar sauya kaya, ta bayyana mini cewa yawancin duniya basun mai ƙirar Jamus ake busawa, wanda kamfanin Heckel da aka kafa a garin Biebrich na Jamus a 1831 ya shahara da shi, amma irin nasu ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi nesa ba kusa ba. Ta ba ni shawarar in duba waɗanda kamfanin Fox na jihar Indiyana a Amurka ke yi da roba mai ƙarfi, domin ba sa tsagewa a busasshiyar iska kamar katako. Ita ce ta sanar da ni cewa hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM a Ingila ta fara karɓar wata jarrabawa ta bidiyo tun 2020, ta kuma tsara mini atisaye a kan littafin Julius Weissenborn na 1887, wanda har yau masu koyon basun ke farawa da shi. Ba ta taɓa yi mini alkawarin cewa zan zama ƙwararre ba, amma duk tambayar da na yi ta amsa ta da gaskiya, har waɗanda amsarsu ba ta yi mini daɗi ba.

Wanda bai taɓa busa komai ba, ban ba shi shawarar ya fara da wannan hanya shi kaɗai ba, sai ya sami ko da mai kilarinet ne ya duba masa tsayuwa da numfashi. Wanda kuma kuɗin ya yi masa nauyi, ganin cewa da kuɗin waje ake biya, akwai shafin Music and the Bassoon na Farfesa Kristin Wolfe Jensen ta Jami'ar Texas da ke Austin, kyauta ne, darussansa na tafiya mataki mataki tare da sautin da za ka kwaikwaya, sai dai ba wanda zai saurare ka ya ce ka yi kuskure. Ni na sabunta rajistata na wata shekara, amma na roƙi a mayar da darasin kai tsaye ɗaya a kowane wata ya zama na sassaƙar kara zalla. Ta amince, kuma wuƙa da filaya da damin gorar da ta zaɓa mini suna kan hanya.