Shingen roba a filin wasan yara: yadda aikin ya kasance

Kafin faɗuwar damina hukumar makarantarmu ta rainon yara ta ɗauko ma'aikata domin su kewaye filin wasa da shingen roba, bayan da tsohon shingen bulo ya fasa wa wata yarinya goshi sa'ad da ta faɗo daga lilo. Robar an sarrafa ta ne daga tsofaffin tayoyin mota, kuma guntu-guntu ta zo, kowanne da ramukan da ake kafa rodi ta cikinsu.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda suka shirya ƙasa tukuna. Sun ja igiya, suka yi haƙa mara zurfi, suka daɓe ƙasar sosai, sannan suka jera robar suna buga rodi da guduma har kansa ya nutse ciki, ta yadda ƙafar yaro ba za ta same shi ba. Na bi da tafin hannuna ina shafawa, ban ji tsini ko ɗaya ba. A gindin darbejiya kuwa robar ta lanƙwasa ba tare da an yanka ta ba, kuma yashin da a da yake watsewa cikin harabar ya tsaya a wurinsa.

Sai dai ba su bar mafitar ruwa ta gangare ba, saboda haka ruwan farko ya kwanta a ƙarƙashin lilo har sai da muka sake kiransu. Baƙar robar kuma tana ɗaukar zafi da tsakar rana, don haka muka hana yara shiga ba takalmi.