Simfonin Beethoven guda tara: wane faifai ya kamata a saya, wanne za a bari

Wanda ya rubuta sunan Beethoven, Bajamushen mawallafin kiɗa, a Spotify ko Apple Music zai ga ɗaruruwan faifai sun fito, kowanne da hoton wani dattijo riƙe da sanda, a rasa na kamawa. Rubutun kiɗan ɗaya ne, wanda mutumin ya bari kafin rasuwarsa a Vienna a 1827, amma jagoran makaɗa shi ke yanke saurin da za a tafi da shi, da yawan masu goge, da wuraren da za a maimaita ko a tsallake. Bambancin ba ƙarami ba ne. Simfoni dogon kiɗa ne mai babi-babi da babbar ƙungiyar makaɗa ke yi. Ta 9 a hannun Wilhelm Furtwängler ta kai kusan minti 74, a hannun John Eliot Gardiner kuwa da ƙyar ta cika awa guda. Don haka shawararmu ita ce kada a dogara da akwati ɗaya mai ɗauke da duka tara. A sayi ɗaya, sannan a cike giɓinsa da faifai biyu ko uku daga wasu hannuwa.

Inda za a fara babu gardama: faifan Carlos Kleiber da makaɗan Vienna Philharmonic, na kamfanin Deutsche Grammophon, wanda ya haɗa ta 5 da ta 7. An ɗauki ta 5 a 1974, ta 7 kuma tsakanin 1975 da 1976. Bugun nan huɗu da kowa ya sani a farkon ta 5, Kleiber ba ya jan su kamar yadda tsofaffin jagorori ke yi. Yana sako su da ƙarfi, ya riƙe na ƙarshe gwargwado, ya wuce. A saurari wurin da duk makaɗa suka yi tsit a tsakiyar babi na farko, obo kaɗai ya rage yana wata gajeriyar busa mai kama da kukan algaita daga nesa. Bayan duk wannan guguwa, sai ka ji numfashin mutum ɗaya. A kuma kasa kunne ga mahaɗar babi na uku da na huɗu, inda tambari ke bugawa can ƙasa-ƙasa, goge na hawa a hankali, har manyan ƙahonin tagulla su fashe gaba ɗaya. A babi na biyu na ta 7 yana rufewa da tsinkar tsirkiya da yatsa, ba da jan baka ba kamar yadda yawanci ake yi. Aibinsa guda: sautin ta 7 ya ɗan bushe, ba shi da kaurin na ta 5.

Batun akwati cikakke ya fi wuya, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi. Herbert von Karajan ya ɗauki simfonin tara sau huɗu a faifai: da Philharmonia ta Landan a shekarun 1950, sannan sau uku da Berlin Philharmonic. Wanda ake nema shi ne wanda aka ɗauka a 1961 da 1962 a cocin Jesus-Christus da ke Berlin, ya fito kasuwa a 1963. Gogen yana da santsi da nauyi, ta 3 da ta 9 suna da kyau ƙwarai, muryar Gundula Janowitz a babin ƙarshe na ta 9 kuwa tas take. Na shekarun 1980, duk da cewa shi ne na dijital, bai kai shi ba. Sautin ya fi tauri, kiɗan ya yi sumul har ya rasa kaifi. Matsalar ita ce bangon faifan duk kusan iri ɗaya ne, kuma shekarar da manhaja ke nunawa sau da yawa ta sake fitarwa ce, ba ta ɗauka ba. A duba bayanan ciki, ko sunayen mawaƙan ta 9: in an ga Janowitz da Walter Berry, shi ne. Ko a wannan akwatin ma ta 6, wadda ke siffanta ƙauye da rafi da hadari, an yi ta da gaggawa, kuma Karajan yakan tsallake maimaici da dama da Beethoven ya rubuta. Maganin wannan shi ne ta 6 ta Karl Böhm da Vienna Philharmonic ta 1971, wadda ke tafiya a natse, sarewa da obo da kilarinet da ke kwaikwayon tsuntsaye a ƙarshen babi na biyu suna fitowa sarai.

In akwati ɗaya tak za a iya saya, mun fi karkata ga Nikolaus Harnoncourt da Chamber Orchestra of Europe, wanda aka ɗauka a gaban masu sauraro a Graz ta ƙasar Ostiriya a 1990 da 1991, na kamfanin Teldec. Mujallar Gramophone ta zaɓe shi gwarzon faifan shekara a 1992. Makaɗan ba su da yawa kamar na Berlin, kayansu na zamani ne in ban da kakakin da ya zaɓi irin na dā marasa maɓalli, shi ya sa busa da tambari ba sa nutsewa ƙarƙashin goge. Ana jin kowane layi. Wanda ya saba da kaurin Karajan zai ji kamar an rage wani abu a saurare na farko, amma ta 2 da ta 4 da ta 8, waɗanda ake yawan rainawa, a nan suke samun haƙƙinsu.

Gardiner, a faifan Archiv na 1994, ya wuce nan. Duk kayan kiɗan irin na zamanin Beethoven ne, kuma yana bin lambobin sauri da mawallafin ya fara sa wa simfoninsa da kansa a 1817 bayan fitowar na'urar auna bugu ta Mälzel. Ta 3 da ta 5 suna da wuta. Amma babi na uku na ta 9, wanda Furtwängler ke shimfiɗawa kusan minti 19, shi yana gama shi cikin 12 da 'yan kai, kuma a ganinmu an tauye shi. Mai ƙaramin ƙarfi ya duba David Zinman da makaɗan Tonhalle ta Zurich, na ƙarshen shekarun 1990 a kan Arte Nova. Salon kusan ɗaya ne, farashin ya fi sauƙi.

Faifan ta 9 na Furtwängler a Bayreuth ta Jamus, na kamfanin EMI, wanda aka ɗauka 29 ga Yulin 1951, ranar da aka sake buɗe bikin kiɗan garin bayan yaƙin duniya na biyu, ba na mai farawa ba ne. Sautin ta hanya ɗaya yake fitowa, akwai tari da motsin jama'a, ƙaho ya ɗan yi tuntuɓe a babi na uku, a ƙarshe kuma gudun ya yi yawa har makaɗan sun kusa watsewa. Duk da haka babu wanda ya kai shi sa mutum ya ji nauyin wannan kiɗa. A ajiye shi sai an san ta 9 da kyau. Mai son tsohon salo da sauti mai tsabta ya ɗauki Ferenc Fricsay na 1958 da Berlin Philharmonic. Faifan EMI da Teldec yanzu suna ƙarƙashin Warner Classics, kada sabon tambarin kamfani ya ruɗa mai nema.

Sauran matsalolin daga waya suke zuwa, ba daga jagora ba. Simfoni tara sun kai awa biyar da rabi zuwa shida. A MP3 mai ingancin kbps 320, minti ɗaya yana cin kusan megabayit 2.4, wato duka bai kai gigabayit ɗaya ba. A FLAC, mai ingancin CD, a yi lissafin kusan biyu. Ƙasa da 192 kada a sauka, domin goge ne ke fara lalacewa, ya koma wani shuu mai kaifi. A kashe maɓallin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi, in ba haka ba babi na huɗu zai riga na farko. A kunna sauraro marar yankewa, saboda babi na uku da na huɗu na ta 5 a manne suke, haka ma uku na ƙarshe na ta 6. Shiru na daƙiƙa biyu a wurin yana kashe abin da aka ɗauki minti guda ana ginawa. A kashe daidaita ƙarar sauti ma in manhajar na danne wurare masu ƙarfi. Lasifikar waya ba ta iya fitar da manyan goge masu kauri da ke buɗe babi na uku na ta 5, don haka ko abin kunne mai waya na matsakaicin kuɗi ya fi ta nesa ba kusa ba.

Wannan ya fi shafar faifan Osmo Vänskä da makaɗan Minnesota ta Amurka, na kamfanin BIS. Ɗaukar ta yi kyau matuƙa, sai dai tazarar da ke tsakanin sanyin sauti da ƙarfinsa tana da faɗi sosai. A mota ko kusa da janareta rabin kiɗan ɓacewa yake yi, in kuma aka ƙara murya don a ji, fashewar gaba za ta razana mutum. Wannan na ɗaki ne mai shiru. Na hanya, Karajan na 1963 ya fi jurewa.