Wata bakwai da allon LoRa: rabon batir a barci yake

Ba wani babban aiki ne ya sa na sayi allon LoRa ba, wato ƙaramin allon lantarki mai aika gajerun saƙonni nesa ta rediyo. Tankin ruwa ne da ke nesa da inda nake zama, na gaji da zuwa leƙa shi. Wi-Fi ba ya kaiwa can, balle Bluetooth. Sai na samo alluna biyu masu ɗauke da guntun rediyo (chip) mai suna SX1262 na kamfanin Semtech. Ɗaya na haɗa shi da na'urar auna ruwa, ɗayan yana kan teburina yana jiran saƙo.

Tun ranar farko saƙo ya iso, duk da katangu da bishiyoyin da ke tsakani. Wannan ya burge ni ƙwarai. LoRa ba da ƙarfin murya take kai nesa ba. Kowace alama janta take yi kamar fito mai hawa daga ƙasa zuwa sama, shi ya sa mai karɓa ke iya tsinto ta ko da hayaniyar iska ta fi ta ƙarfi. Wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo a Grenoble ta Faransa ne ya ƙirƙiro dabarar, Semtech ya saye shi a 2012.

Sai dai nisan ba a banza yake zuwa ba, kuma a nan na yi kuskure. Don gudun kada saƙo ya ɓace, na kai saitin yaɗa sigina ƙarshe, wato SF12, na kuma buɗe ƙarfin aikawa har 22 dBm. A wannan ƙarfin guntun yana jan wutar batir sama da miliamp 100, kuma duk mataki ɗaya da ka hau daga SF7, lokacin aikawa kusan ninkawa yake yi. Ɗan saƙon da bai kai ƙiftawar ido ba sai ya koma cin fiye da daƙiƙa guda. Da na sauko SF9, na rage ƙarfi, saƙo bai fasa isowa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne allon kansa. Guntun idan ya yi barci, wato ya dakata da aiki tsakanin saƙo da saƙo, wutar da yake sha ba ta kai mikroamp ɗaya ba, ɗaya bisa dubu na miliamp ke nan. Amma da na sa mitar auna wuta, sai na ga allon yana zuƙar miliamp da dama alhali komai na barci. Ashe ɗan fitilar da ke kai ne, da mai daidaita wuta, da guntun USB, waɗanda masu ƙera allon suka bari a kunne kullum. Na'urar da ke farkawa sau huɗu a awa kusan duk rayuwarta barci ne, don haka wannan yoyon shi ke kashe batir, ba aikawar ba. Sai da na cire fitilar, na ba allon wuta ta wata hanya, sannan abin ya daidaita.

Mai niyyar saye ya duba zangon rediyon da ƙasarsa ta amince da shi; Turai 868 MHz ne, Amurka 915. Eriyar ma ta dace da zangon, kuma kada a kuskura a aika saƙo babu ita, guntun na iya ƙonewa. Hoto ko bidiyo kuwa a manta da su, saƙo ɗaya ba ya wuce bayit 255.

Ni lamba ɗaya nake buƙata duk minti 15, kuma tun da na toshe yoyon nan ban sake taɓa batirin ba.