Tsohon garmaho: a gyara shi ko a sayi sabo?

Tun da faifan garmaho ya dawo kasuwa, har ta kai a Amurka an sayar da faya-fayai fiye da CD a 2022, abin da rabon a gani tun 1987, mutane suka fara kakkaɓe na'urorin iyayensu daga ɗakin ajiya. Sai a jona wuta, a ɗora faifai, a ji waƙa na tafiya kamar mai jin barci, ko sifika na gurnani. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ya mutu, a nufi sabo. Ni kam ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: idan tsohon naka na kirki ne, gyara shi.

Na kirki a nan ina nufin irin waɗanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980, lokacin da faifai ne babbar hanyar jin kiɗa a gida, kamfanoni kuma suna gasar inganci. Technics SL-1200 ya fito a 1972, ƙaninsa MK2 a 1979, kuma nauyinsa ya kai kilo 12. Thorens TD-160 ma a 1972 ya fito, Rega Planar 3 a 1977. Ɗaga naka ka ji. Nauyin nan ba ado ba ne, shi ke shanye girgiza kada ta kai ga allura. Abin da na fi so a waɗannan na'urori shi ne sassan da suka fi tsadar ƙira, wato faranti da boris ɗin da yake juyawa a kai da injin, su ne suka fi jure shekaru. Abin da ke tsufa ƙanana ne: bel ɗin roba da ya saki, mai da ya bushe, giris da ya daskare, waya da ta yi tsatsa, sai allura. Waƙa mai jan ƙafa galibi bel ne. Gurnani kuwa sau da yawa siririyar wayar ƙasa ce ba a ɗaura ta a jikin amfilifaya ba. Garmaho masu sarrafa hannun allura da kansu, irin na Dual, sukan maƙale saboda tsohon giris, a wanke a sa sabo su tashi.

Kafin ka kashe ko sisi, yi gwaji biyu. Cire bel idan yana da shi, ka juya faranti da hannu, ka kasa kunne: ya kamata ya yi ta juyawa shiru, ba tangaɗi, ba ƙarar gogayya. Sannan ka riƙe hannun allura a hankali ka ɗan motsa shi gaba da baya. Idan ka ji yana ƙwas-ƙwas a gindi, boris ɗinsa ya tafi, gyaransa kuma aikin ƙwararre ne. A nan kaɗai nake cewa a haƙura. Haka ma robobin garmaho da ake haɗawa da rediyon kaset a ƙarshen shekarun 1980, ba su cancanci wahala ba.

Sabo fa? Rega Planar 1, Pro-Ject Debut da Audio-Technica AT-LP120X duk suna aiki lafiya, ga garanti, na ƙarshen ma yana da ƙaramin amfilifayar faifai a cikinsa, abin da tsofaffi ba su da shi: su sai amfilifayarka na da mashigar da aka rubuta phono, in ba haka ba ka sayi ɗan akwatinta daban. Masu kama da jakar tafiya da sifika a jiki kuwa, kada ka ɗora musu faifan da kake so.

Dalilina shi ne allura, kuma a kanta nake auna komai yanzu. Kan allura, wato ɗan akwatin da ke riƙe allura a bakin hannu, idan na kirki ne kamar Audio-Technica VM95E ko Ortofon 2M Red, yana taka faifai da nauyin giram 2 ko ƙasa da haka kaɗan. Na jakar nan sukan danna da kusan giram 5, ba kuma wurin saitawa. Tsohon garmaho mai ƙarfen daidaita nauyi a bayan hannu yana ba ka damar sa kan da kake so, ka saita shi da ɗan sikeli. Sabon kai a kan tsohon jiki mai lafiya, wallahi shi ne canjin da kunne ke ji tun daga waƙar farko. Ka tuna kuma allura ba ta dawwama: gwargwadon siffar bakinta, tsakanin awa 300 zuwa 1000 take yi. Wadda ka tarar a jikin na'urar da ta shekara talatin a ajiye, kada ka yarda da ita ko da tana ƙyalli.

Na taɓa sayen allura ta intanet daga wani mai sayarwa da ya rantse ta asali ce, ajiyayya tun zamanin da, ba a taɓa buɗe ta ba. Kwalin ya yi daidai, tambarin ya yi daidai. Da na sa, sai muryoyi suka riƙa tsagewa a waƙoƙin da ke kusa da tsakiyar faifai. Na ɗauka saiti ne, na yi makonni ina gyara nauyi ina maimaita faya-fayan da na fi ƙauna. Sai da aka duba ta da madubin ƙara girma aka ga bakin a karkace yake, an manna shi yadda aka ga dama. Faya-fayai uku sun tafi, kuma layin faifai idan ya ci ba ya dawowa. Har yau idan na ɗora su raina na ɓaci.

Saboda haka a kula. Kamfanin Shure ya daina yin kan allura a 2018, don haka duk wanda ke da tarin “sababbin na asali” a farashin banza, a tambaye shi inda ya samo. Ko da ajiyayyar gaskiya ce, ɗan robar da ke riƙe sandar allura yana iya taurara da shekaru. Gara ka sayi ta maye gurbi da ta faɗi sunanta a fili, irin ta kamfanin Jico na Japan, da wadda ta ari sunan wani. Dubi sandar daga gaba: ta miƙe sak, rubutun jiki kuma ya fito tsaf.

Masu sayar da tsofaffin na'urori ma suna da nasu salon. “An yi masa sabis” sau da yawa goge ƙura ce kawai. Ka ce a faɗa maka me aka canza. SL-1200 da yawa sun yi shekaru a hannun masu kiɗan biki, jiki sumul amma hannu ya sha wuya. Nemi bidiyon ɗige-ɗigen gefen faranti a ƙarƙashin fitilarsa: idan gudu daidai ne a juyi 33 da 45 a minti, za su tsaya cak. Duba bayan na'ura kuma: wadda aka yi wa wutar Amurka, 120V da 60Hz, idan injinta mai bin bugun wuta ne, za ta yi sanyin gudu a ƙasar da wutarta 50Hz ce ko da ka sa taransifoma. Idan aiko maka za a yi, ka dage a cire faranti da ƙarfen bayan hannu a naɗe su daban, a ɗaure hannun, domin faranti mai nauyi da aka bari a kan sandarsa yana iya lalata boris kafin kwalin ya iso.