Halawar 'ya'yan furen rana: wacce ta cancanci kuɗinka a kantunan Rasha?

Duk ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya taɓa shiga kanti a Mosko ko Kazan ya ga wani curi mai ruwan toka a sashen kayan zaƙi, an rubuta masa "halva". 'Yar'uwar halawar riɗi ce da alhazai ke zuwa da ita tsaraba daga Saudiyya, sai dai ita da 'ya'yan furen rana ake yin ta, furen nan mai faɗin fuska da ruwan ɗorawa da ake tatsar man girki daga ƙwayarsa. Rasha da Yukiren ne kan gaba a duniya wajen nomansa, shi ya sa a can ita ce halawar kowa da kowa, ta riɗi kuma ta fi tsada. A gefenta akwai wani kantu da ake kira kozinaki, akwai mai rufin cakulan, akwai wadda aka ce ta masu ciwon suga ce. Ga yadda za ka bambance su.

Wadda ta fi cancanta ita ce halawa zalla, a rufaffiyar leda ko roba daga masana'anta, mai rubutun "podsolnechnaya", wato ta furen rana. Abu uku ne haɗinta: niƙaƙƙiyar ƙwaya da aka soya aka cire mata ɓawo, da sukarin da aka dafa tare da madin sitaci, sai ɗan ruwan saiwar wani tsiro mai kumfa kamar sabulu, ko saiwa mai zaƙi da suke kira solodka. Aikin saiwar shi ne sa dafaffen sukarin ya yi kumfa idan an buga shi, ya yi fari, ya miƙe sili-sili. Waɗannan silin su ne ke riƙe man ƙwayar, su ne kuma ke sa halawa mai kyau ta narke a baki ba tare da ta manne a haƙori ba.

A lissafin da aka saba amfani da shi a Rasha, giram 100 na ɗauke da kalori wajen 520, da furotin kusan giram 12, da mai kusan giram 30, da giram 54 na sukari da sitaci, mafi yawa sukari. Wasu kamfanonin sukan rubuta 550 ko 560, saboda ƙwayar da suka zuba ta fi yawa, man ya haura giram 35. Kada wannan ya tsorata ka. Tsakanin halawa biyu, mai ɗan ƙarin mai da furotin ita ce wadda aka fi zuba wa ƙwaya aka rage sukari, kuma amfanin duk a ƙwayar yake. Ƙwayar zalla tana da kalori kusan 580 a giram 100, furotin giram 21, bitamin E wajen miligiram 35, da maganiziyam sama da miligiram 300. Man nata galibi marar daskarewa ne, irin wanda ya fi kitsen dabba sauƙi ga jijiyoyin jini. Don haka duba jerin kayan haɗi: ƙwayar ce ya kamata ta zo farko, domin ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. In sukari ne a sahun gaba, ajiye ta.

Gutsure mai girman kwalin ashana, kimanin giram 30, ya kai kalori 160, da sukari wajen ƙaramin cokali uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kusan giram 50 ga mai cin kalori 2000. Gutsure ɗaya da shayi marar sukari ya isa. A lokacin hunturun Rasha mai tsanani wannan karin kumallo ne mai riƙe ciki.

Kozinaki kantu ne kawai, irin kantun riɗinmu amma da ƙwayar furen rana. Kalorinsa ya haura 500, ga tauri mai ɓalle haƙori. Mai rufin cakulan ƙarin sukari ne da ƙarin kuɗi, sau da yawa ma rufin na man ja da aka tace ne da garin koko. Halawar riɗi tana da daɗi kuma kalorinta kusan ɗaya da na ta furen rana, amma wanda ke nemanta ya fi samun mai kyau a Jidda ko Khartum.

Ta masu ciwon suga kuwa, mai rubutun "na fruktoze", akwai ruɗi a cikinta. An musanya sukari da furuktos ne, wato irin sukarin 'ya'yan itace, shi ma kalori 4 ne a kowane giram, man kuma yana nan yadda yake. Mai ciwon suga ya tambayi likitansa kafin ya saya.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Babbar matsalar halawar furen rana ita ce lalacewar mai. Mansa yana saurin lalacewa idan ya haɗu da iska da haske da zafi, sai ya koma ɗaci da maƙaƙi a maƙogwaro, da wari irin na tsohon fenti. Wadda ake yanka wa mutum a kan sikeli a kasuwa ita ta fi faɗawa wannan, domin ba ka san ranar da aka buɗe kwalinta ba, kuma mai sayarwa yakan kankare saman da ya yi baƙi ya nuna maka ciki. Nemi a ɗanɗana maka daga gefe, ba daga tsakiya ba. In ya ƙi, wuce. A rufaffiyar leda kuma, ɗaga ta ka karkata: idan mai ya taru a kusurwa ko ya yi naso a takarda, ko dai ta tsufa ko an ajiye ta a zafi. Ɗan ƙyallin mai a jiki ba laifi ba ne, tafkin mai shi ne laifi. Idan saman ya yi duhu yana danƙo, laima ta sha, sukarin ya fara narkewa.

Sai algus. Launin da ya dace shi ne toka mai haske, wani lokaci da ɗan sirkin kore. In ta yi duhu sosai da ɗige-ɗigen baƙi masu yawa, ɓawo aka niƙa a ciki, za ka ji shi kamar yashi a baki, da bauri. Farin curi mai tauri kamar ƙanƙara a ciki alama ce ta sukarin da ba a buga ya haɗu ba. Wasu kuma sukan rage ƙwaya su cike da wani man daban ko gari, sai halawar ta zama kamar ƙulli, ba sili, ba marmashi. Yanka da wuƙa ka gani: ta gaskiya tana yankuwa cikin sauƙi, tana ɗan marmashewa, silin na bayyana a yankan. Jerin kayan haɗi da ya wuce layi biyu abin zargi ne. Rubutun GOST 6502 a jiki yana nufin kamfanin ya ce ya bi ma'aunin halawa na ƙasar. Yana taimakawa, amma bai maye gurbin ido da hanci ba.

Alƙaluman jikin leda ma a tantance su. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na furotin 4, na sukari da sitaci 4. Ninka ka tara. Idan abin da ka samu ya yi nisa da abin da aka rubuta, ba a yi rubutun da gaskiya ba. Halawar furen rana mai kalori 350 a giram 100 babu ita. Ka kuma lura ko lissafin na giram 100 ne ko na ɗan gutsure, ko kuma kilojul ne, wani ma'aunin kuzarin abinci daban, wanda sai ka raba da 4.2 kafin ka samu kalori.

Mai niyyar kawo ta gida tsaraba ya sani cewa wuri mai sanyi da bushewa take so, wajen digiri 18. Zafin bazarar Kano ko Damagaram zai fitar mata da mai cikin kwanaki kaɗan. Sayi ƙananan ƙunshi na giram 250 zuwa 350 waɗanda aka zuƙe wa iska, masu sabon kwanan wata, ka sa a firji da zarar ka sauka, cikin mazubi mai murfi don kada ta ɗauki warin miya. Wadda aka buɗe a cinye ta cikin mako biyu.