Nikon P950 a dausayin Hadejia: tsuntsun da ke zaune da wanda ya tashi

Shamuwa ce ta sa na sayi kyamarar nan. Akwai wata tsamiya a bayan gidanmu a Hadejia da suke yin sheƙa a kanta duk shekara, kuma tun muna yara mun san in ta sauka to a fara gyaran gona, damina ta ƙarato. Wata shekara na tsaya da wayata ina so in ɗauki guda ɗaya ta taso da kara a baki. Da na duba, ɗigon baƙi kawai na gani a tsakiyar farin sama. Abin ya tsaya mini a rai, domin idona ya ga jan da ke gefen idonta da shuɗin fatar fuskarta, amma ba ni da abin da zan nuna wa ɗalibaina ranar Litinin. Ni malamin makaranta ne, hoto ba sana'ata ba ce. Na yi adashi na sayi Nikon Coolpix P950 ta hannu, yanzu rani biyu da damina biyu ke nan muna tare.

Kamfanin ya fitar da ita a farkon 2020, ta gaji P900 ta 2015. Gilashinta a jikinta yake, ba a cirewa ba a sauyawa, kuma yana janyo abu ninki 83, wato daga milimita 24 har zuwa 2000 a lissafin masu hoto. Nauyinta kilo ɗaya da ɗan kai. Wanda zai nemi irin wannan nisa da babbar kyamara mai sauya gilashi, sai ya tanadi kuɗin mota da kafaɗar ɗan dako. Ita kuwa a jakar goyo nake sa ta tare da gorar ruwa, in hau babur.

Ranar da na fara yarda da ita a dausayin Baturiya ne, cikin watan Fabrairu. Wani dattijo masunci ya ɗauke ni a kwalekwalensa bayan sallar asuba, muka ratsa ta cikin kachala har muka fito wani fili na ruwa. Can nesa, inda ido ba ya rarrabe komai sai duhu-duhu a kan ruwa, ya nuna da haɓa ya ce, "Malam, ga baƙinka can." Na ɗaga kyamara na yi ta janyowa. Sai ga kirinjijiya birjik, fararen fuskokinsu duk sun juyo gefe ɗaya, a tsakaninsu kuma wasu ƙananan agwagi masu farin zane da ya taso daga saman ido ya gangara wuya. Waɗannan su ne baƙin da yake nufi, masu tasowa daga Turai da Rasha su tsallake Sahara su yi hunturu a wurinmu, su koma wajajen Maris. Saboda irinsu ne aka sa tafkin Nguru cikin jerin Ramsar, wato na dausayin da ke da muhimmanci ga duniya, a 2000, Baturiya ta biyo baya a 2008. Na miƙa wa Baba masuncin kyamarar ya sa ido a tagar leƙawa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shekara da shekaru yana ganinsu, bai taɓa ganin ƙwayar idonsu ba sai yau.

A kan tsuntsun da ke zaune, ba ni da abin cewa sai yabo. Na'urar hana rawar hannu da ke cikinta tana aiki sosai. A cikin kwalekwale ma, in na dafe gwiwar hannu a cinya na riƙe numfashi, hoto yana fita tas. A kan maballin da ake murzawa a sama akwai hoton tsuntsu. In ka kai shi nan, wani ɗan akwati zai fito a tsakiyar allo, ka sa tsuntsun a ciki ka danna OK, sai ta zabura ta janyo shi. Zalɓe a bakin ruwa, cilakowa a kan reshe, carki a bayan sa, duk na same su yadda nake so, har gashin fuka-fuki ana ƙirgawa.

To amma ni tsuntsu a sama nake nema, kuma a nan ne labarin ya sauya.

In ka janyo har ƙarshe, abin da kake gani na sama bai fi wanda mutum zai gani ba in ya leƙa ta bututun biro. Tsuntsu ya gilma, kafin ka ce kwabo ya fita, ka yi ta lalube a farin sama ba ka san ko yana dama ko hagu ba. Makonnin farko na cika memori da sama zalla, wani lokaci da ƙarshen wutsiya a kusurwa. Akwai wani ɗan maballi a gefen hagu na gilashin: in ka danne shi sai ta ja da baya ta buɗe maka fili, ka nemo tsuntsun, ka saki ta koma inda take. Yana taimakawa ƙwarai ga wanda ke shawagi a hankali. Ga mai sauri kuwa, kafin injin ya je ya dawo an wuce wurin.

Abin da ya warware mini matsalar bai fito daga littafin kyamarar ba. Baba ne ya ga ina ta juyi a kwalekwale ya ce, "Malam, kana bin su ne a baya. Tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi, haka in zai sauka. Bari in juya mu." Ya tuƙa ya sa iskar hunturu a bayanmu, rana ma a bayanmu tunda safiya ce kuma iskar daga gabas maso arewa take. Da dinya biyu suka tashi, kai tsaye suka nufo mu, a hankali, da nauyi, farin da ke fuka-fukansu yana walƙiya. Ni kuma na riga na rage janyowar zuwa wajen milimita 600. Hotuna bakwai na samu, uku a ciki masu kyau. Tun ranar na daina wuce 800 ga duk abin da ke sama. Milimita 2000 ɗin da ake tallar kyamarar da shi na mai zama ne. Mai tashi, ka ja baya ka bar masa fili, daga baya ka yanke hoton.

Inda na koyi hannu shi ne bayan kwata. Shirwa ba ta rabuwa da wurin, tana zagaye iri ɗaya, tana karkata wutsiyar nan mai baki biyu kamar matuƙi, ba ta gaggawa. Na nemi izinin sarkin fawa tukuna, domin mutum da babbar kyamara a wurin sana'ar mutane dole a tambayi dalilinsa, kuma hakkinsu ne. Ina murza maballin zuwa S, in sa gudun shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, a 1/1600 na daƙiƙa, in bar kyamarar ta zaɓi sauran. Ga shirwa da hankaka a farin sama nakan ƙara haske da mataki ɗaya, in ba haka ba baƙin inuwa za ka samu. Ga balbela kuwa akasin haka: sai an rage, domin farinta yana ƙonewa a rasa zanen gashin. A wurin nan ne kuma na lura da abin da babu. Muna yara ungulu ta fi shirwa yawa a kwata, har korarsu ake yi. A wata uku da na yi ina zuwa, sau biyu na ga guda ɗaya. Tun 2015 aka sa irin ungulun nan tamu cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Hoton da na ɗauke ta tana saukowa da ƙafafu a miƙe ba shi ne mafi kyau a wurina ba, amma shi na fi adanawa da kyau, da kwanan wata a jikinsa.

Abu biyu ya kamata mai saye ya sani game da yadda aka ƙera ta. Na farko, in ka danne maballin ɗauka tana yin hoto bakwai a daƙiƙa, amma kamar goma take yi a jere ta tsaya ta zuba su a memori. Wato daƙiƙa ɗaya da rabi kake da ita. Saboda haka kada ka fara tun tsuntsu yana nesa. Bi shi da ido a tagar, ka jira ya cika wurin, sannan ka danna. A nan ne wani mai shago ya cuce ni da memori na jabu, an rubuta masa gudun da ba shi da shi. Bayan kowane jeri sai in tsaya jira, garken tsuntsaye na wucewa a gabana. Da na sayi na gaske a wani wuri, jiran ya ragu sosai. Kada ka yi tsimi a kan memori.

Na biyu, sensar da ke kama hasken ƙarama ce, irin ta ƙananan kyamarori, megafiksel 16, kuma da wannan ƙanƙantar ne aka samu nisan nan a kilo ɗaya. Gilashin ma in an janyo shi ƙarshe ƙofar haskensa tana tsukewa zuwa f/6.5. Ma'ana tana son rana. Daga hantsi zuwa wajen ƙarfe goma, da kuma bayan la'asar, hotunanta suna da daɗin kallo. Da magariba, lokacin da balbelu ke komawa makwanci a jere, wanda shi ne lokacin da na fi so a duk yini, dole ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske na sensar, ya haura 800, hoton ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero. Nakan koma bidiyo a lokacin, tunda tana ɗaukar 4K, wato bidiyo mai fitowa tas sosai, kuma motsin jerin ya fi kowane hoto guda faɗin abin da ido ya gani. Ranar da hazo ya sauka sosai kuwa, saitinta, wato yadda take daidaita abu ya fito tas, yana dogara ne da bambancin haske da duhu, tsuntsu mai toka-toka a sama mai toka-toka ba ya ba ta abin kamawa. Irin wannan rana nakan bar sama in nemi na kusa.

Na kusan da na fi jin daɗinsa shi ne mazari. Kada ka ce za ka bi shi a iska, ko ido da ƙyar yake binsa. Amma yana da ɗabi'a: yakan zaɓi tsinke ɗaya a bakin ruwa, ya tashi ya cafke sauro ya dawo kan tsinken nan dai. Sai in zauna a kan tabarma kamar taku shida daga wurin, domin in an janyo ta ƙarshe ba ta kama abin da bai kai mita biyar ba. In saita a kan tsinken, in danne maballin rabi, in jira. Da ya taso dawowa sai in sake mata jeri. Wata rana a bakin kogin Hadejia na samu wani ja wur, ƙafafunsa shida sun miƙo gaba za su kama tsinken, fuka-fukan huɗu kowanne da inda ya fuskanta, jijiyoyinsu kamar saƙar koma. Na buga shi babba na manna a aji. Wata yarinya 'yar aji biyu ta tsaya a gabansa har aka tashi tara, ta ce ita da ta ɗauka fuka-fukansa biyu ne.

Jan-baki kuma darasi ne na daban. In garkensu ya taso daga gonar shinkafa, janyowa ba ta da amfani. Sai ka buɗe gilashin gaba ɗaya ka ɗauki abin kamar hayaƙi yana murɗawa a kan bishiyoyi. Na san manomin da ke tsaye yana kaɗa gwangwani ba kyau yake gani ba, asara yake gani, shi ya sa nakan sa shi a cikin hoton in ya yarda.

Sama ita kanta ba ta ba ta wahala. Hadarin Agusta in ya haɗo daga gabas, baƙi a ƙasa fari a sama, yana fita da kwarjininsa. Kusa da hoton tsuntsu a maballin akwai hoton wata, kuma a nan milimita 2000 ke biyan kuɗinsa: wata yana cika allo, ramukan da ke gefen inda haske ya yanke suna fitowa ɗaya-ɗaya. Jinjirin watan Shawwal na daren biyu na ɗauka daga soron gidanmu, na jingina kyamarar a kan buhun gero, maƙwabta suka yi layi suna leƙawa.

Batirinta hoto 290 kamfanin ya ƙiyasta masa, kuma yawan janyowa da mayarwa yana cinsa, don haka biyu nake fita da su. Ba a yi ta don ƙura ko ruwa ba. A hunturu nakan naɗe ta da tsohon rawani in ba ɗauka nake ba, in goge gilashin kafin in mayar da shi ciki, na kuma sa mata gilashin kariya mai faɗin milimita 67 a baki.

Wanda burinsa tsattsewa tana kurɗawa a iska, ko shaho ya kawo sura, kuma yana son kowane gashi ya fito, ya tara kuɗi ya nemi babbar kyamara mai saurin saiti. Malami irina, ko ɗalibin nazarin halittu, ko ma'aikacin gandun daji da ke son shaidar abin da ya gani a gandun tsuntsaye na Dagona ko Baturiya, wannan ta ishe shi, kuma zan sake sayenta in ta lalace. Shamuwar tsamiyarmu ma na same ta bana, a milimita 500, da safe, iska a bayana: ta taso da kara a baki, farin cikinta a buɗe, jan gefen idon nan ya fito sarai. Gauraka ce ta rage. Baba ya ce rabonsa da jin kukanta a wannan ruwa an daɗe, amma ya yi mini alkawarin in ruwa ya ja baya zai kai ni wata fadama da ke gaba da inda muka saba tsayawa.