Manhajar masu zuwa gida kula da Hajiyarmu a Agege

Wata biyar ke nan da Hajiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama. Da aka sallame mu daga asibiti, sai aka haɗa mu da wata cibiya mai tura ma'aikata gida-gida, kuma komai nasu ta manhajar waya ake yi. A wayata aka sa ta.

Da farko na ɗauka duk aikinsu gashin ƙashi ne. Ashe mai gashi daban, mai koyar da hidimar kai daban, irin waɗanda ake horarwa a makarantar tarayya da ke Oshodi. Ita ce ta koya wa Hajiya ta fara zura hannun da ya shanye in za ta sa riga, ta naɗa wa cokali soso ya yi kaurin riƙo, ta sa aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, aka ajiye kujera wurin alwala.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne fayil ɗaya da kowa ke rubutu a ciki. Ranar da gosulo ya riƙe ma'aikaciyarmu tun daga Yaba, wata ce ta zo a madadinta. Ta duba waya kawai, ta gaida Hajiya, ta ce, "Mama, yau maɓallin riga za mu gwada." Ba ta sa mu sake ba da labarin ciwon ba. Duk wanda ya yi jinya ya san zafin maimaita wannan labari a gaban mai ciwo, tana ji tana share hawaye. Yaya ma daga Kano yana ganin ci gaban, ya rage kirana tsakar dare.

Sai dai da Turanci zalla aka yi manhajar. Hajiya ce mai jikin, amma sai na fassara mata abin da aka rubuta a kanta, kuma hakan yana damuna sosai. Bidiyon atisaye yana cin data, sau ɗaya kuma sabis ya ɗauke, bayanin ziyara guda ya ɓace.

Mutanen cibiyar sun nemi hotunan ɗakin Hajiya da banɗaki. Na tambayi wa ke iya gani, tunda akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, sai bayan mako biyu aka amsa mini. Na tura na banɗakin, na hana a ɗauki Hajiya ba mayafi.

Na sabunta kuɗin wannan watan, na kuma roƙe su su sa saƙon murya da Hausa. Shekaranjiya Hajiya ta yi alwalar Asuba da kanta, ina tsaye a bakin ƙofa.